Ranar Da Motar Shara Ta Daina Shigowa Layinmu

Jama'a ku matso kusa, amma duk wanda ya san yana da saurin tashin zuciya ya nemi hankici tun yanzu, don labarin yau akwai wari a cikinsa. Masu damuna da saƙo wai ina aka kwana tsakanina da Mai Hon, yau zan warware muku komai. Waɗanda kuma yau suka fara karanta ni, bari in ɗan koma baya don kada ku ɓata a hanya.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana, har waɗanda na goya. Sana'ata haɗa turare, na jiki da na ɗaki da na kaya. Ina tallatawa a waya, masu saye su zo gida su karɓa. Ɗakina kwalabe ne tun daga bakin gado har kan taga, Yayata ma cewa take ko kaza ce ta shiga sai ta fito tana ƙamshi. To ku riƙe wannan a ranku, mai turare ce ni. Saurayina kuma, wato Mai Hon ɗin, direban motar kwashe shara ne ta ƙaramar hukuma. Na san kun yi dariya. Ku gama ina jira, ni ma da farko sai da na yi tawa.

Layinmu dogo ne siriri, kuma ba ya ɓullewa, idan ka shiga sai dai ka juyo ta inda ka shigo. Gidanmu ne na ƙarshe. A jikin katangarmu akwai wani ɗan fili da ba a san mai shi ba, wanda tun kafin a haife ni mutanen layi suka mai da shi bola. Motar shara kuwa a bakin titi take wucewa abinta, ba ta taɓa leƙo mu ba, saboda babu inda za ta juya. Duk direban da zai shigo da ita sai dai ya shigo da baya, tun daga rumfar mai shayi har ƙofarmu, kwata a dama, katangun mutane a hagu. Babu wanda ya taɓa ɗora wa kansa wannan wahala.

Sai shi.

Wata safiya na fita bakin titi kai wa wata mata saƙonta, sai wata ƙatuwar koriyar mota ta tsaya kusa da ni. Wani dogo ya leƙo ta taga, da rigar aiki wankakkiya fes, ya ce, "Baiwar Allah, don Allah wane irin turare ne wannan?"

Na ɗauke kai kamar ban ji ba.

Ya ce, "Ba don ni nake tambaya ba, don motar ne. Tana fama."

Dariya ta kuɓuce min. Na sayar masa da kwalba ɗaya, na ba shi lambata. Don kasuwanci kawai, kada wanda ya kalle ni. Washegari da sassafe muka ji hon a bakin layi, gajere gajere sannan dogo. Muka leƙa, sai ga motar nan tana shigowa da baya a hankali, ma'aikata biyu suna ba shi hannu, shi kuma ya zuro kai ta taga yana ta murmushi kamar ba shara ya zo kwasa ba. Kafin rana ta ɗaga, bolar da ta girme ni ta ɓace. Ranar muka fara ganin ƙasar wurin, ashe ja ce.

Daga nan bai sake fashi ba. Kullum idan ya gama zagayensa na asuba sai ya ƙaro da layinmu. Da yamma kuma ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya dawo a ƙafa, mu zauna a kan bencin ƙofar gida. Ban taɓa jin warin komai a jikinsa ba sai sabulu da turarena. Ba mai yawan magana ba ne, amma idan ya jefo guda ɗaya sai in kwana ina dariyarta. Ban san lokacin da na fara tashi da wuri ina shafa hoda don jiran motar shara ba.

Umma kam tun ranar farko ta ja daga.

"Mai shara? Duk mazan garin nan, Auta? Na yi wahalar karatunki, na yi wahalar jarinki, ki rasa wanda za ki kawo min sai wanda ƙuda ke yi wa rakiya?"

Na ce, "Umma, direba ne. Ma'aikacin gwamnati ne."

"Direban me? Faɗi mana, direban me?"

Baba yana gefe yana gyara rediyonsa, ya ce, "Albashi yake ɗauka ko sata yake yi?"

Na ce albashi.

Ya ce, "To ni ban ga abin hayaniya ba," ya ci gaba da murɗa rediyo. Umma ta harare shi, ta harare ni, ta harari rediyon.

Da Umma ce kaɗai matsalata da sauƙi. Mutanen layi ne suka kusa haukata ni. Tunda suka ga mota tana shigowa saboda ni, sai suka yanke hukuncin cewa ni ce ƙaramar hukuma. Famfo bai kawo ruwa ba, a buga ƙofarmu. Fitilar kan titi ta mutu, a buga ƙofarmu. Matar Tela, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, ta zo da jaririnta a kafaɗa wai in yi masa hanyar takardar haihuwa. Wani ya aiko wai akuyarsa ta mutu a bayan gida, in gaya wa "mutumin namu" ya zo da wuri kafin ta kumbura. Ina cikin auna turare, hannuna duk ƙamshi, ana yi min bayanin mushe. Yara suka daina ce min Auta, suka koma Kansila.

Uban tafiyar shi ne Ciyaman. Tsoho ne da ya yi ritaya, ya rasa abin yi, ya naɗa kansa shugaban layi ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Yana da wata jar hula da ba ya sawa sai zai yi maganar al'umma. Idan na hango jar hular nan ta nufo gidanmu, sai in ji kaina ya fara sarawa.

Na taɓa ce masa, "Baba Ciyaman, ai akwai ofis. Me ya hana ku je can ku kai kuka?"

Ya ce, "Ofis nisa gare shi, 'yata. A ce maka oga ya fita, a ce ka dawo gobe. Ke kuwa ga ki nan kusa."

Ranar da abin ya kai min wuya, wata yamma ce. Na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi mai duwatsu a baki, shi kuma ya zo da sabon aski, sai share gumi yake alhali ba zafi ake yi ba. Na gane akwai magana. Ya gyara zama, ya kalli takalminsa, ya ce, "Auta, akwai abin da na daɗe ina so in..."

"Salamu alaikum!"

Jar hula ce. Ciyaman ya zo ya zauna a tsakiyarmu, a kan bencin nan da da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu, ya fara bayanin kwatar da ta toshe a bayan gidan mai aski. Kafin ya gama matar Tela ta iso. Kafin ta gama mai shayi ya iso da nasa. Wallahi layi aka yi. Mai Hon sai "in sha Allahu" yake, yana satar kallona ta bayan hular Ciyaman.

Da za su tafi, Ciyaman ya juyo gare ni ya ce, "'Yata, ki riƙe yaron nan hannu biyu. Wannan aure ba naki ba ne ke kaɗai, na layi ne gaba ɗaya."

Matar Tela ta raɗa min, raɗar da har bakin titi an ji, "Ko ba kya sonsa ki daure, a bari damina ta wuce."

Kowa ya yi dariya, har shi ya ɗan murmusa. Ni ban yi ba. Na shiga ɗaki na zauna a tsakiyar kwalabena, na ji kamar ni ma an sa min farashi. Kowa yana so in aure shi, amma babu wanda ya taɓa tambayata ko ina sonsa. Har ni kaina na fara ruɗewa: sonsa nake yi, ko kuwa daɗin buɗe taga in shaƙi iska mai kyau nake ji?

Na ɗauki waya na rubuta masa:

"Ni ba kansila ba ce. Na gaji. Duk layin nan so suke in aure ka don a riƙa kwashe musu shara. Ni kuma ba zan auri mutum don bola ba. Yanzu ko na ce ina sonka, ban san ko ni ce na faɗa ko mutanen layi ba. Don Allah ka daina zuwa."

Na tura. Alamar an karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake rubutu, ya tsaya. Na gyara zama ina jiran doguwar magiya, har na shirya yadda zan ja aji. Sai ga amsa:

"To."

Jama'a, to! Shi ke nan! Ko ɗan hoton zuciya mai tsagewa babu. Na juya kalmar nan sama da ƙasa. Na tura wa Yayata, na ce ta duba min ko "to" ɗin fushi ne ko na haƙuri. Ta ce ita dai "to" ta gani, in bar ta ta yi wa yaranta wanka.

Washegari babu hon. Na ce ai zai huce. Jibi babu. Kafin mako ya zagayo bola ta dawo gidanta kamar ba ta taɓa tafiya ba, har da 'yan uwa ta taho. Mutanen da suka saba da mota sun ƙara yawan shara, kowa ya fito da tsohuwar katifa da fasasshen bokiti da ya daɗe yana ɓoyewa. Ledoji suka fara tsallako katanga suna sauka a kan shanyar Umma. Awaki suka buɗe majalisa a saman tulin. Ƙudaje kuwa ba sa sallama.

Kasuwata ce ta fara jin jiki. Wata mai saye ta zo, na buɗe mata sabon haɗi na ce ta shinshina. Ta shinshina, ta ɓata fuska, ta ce, "Wannan akwai albasa a ciki ne?" Na rufe taga, na kunna fanka, na fesa rabin kwalba a iska. Ta ce za ta dawo. Har yau tana dawowa.

Sai wakilai suka fara zuwa. Da farko mata, matar Tela a gaba.

"Auta, me yaron nan ya yi miki? Faɗa mana mu ja masa kunne."

"Bai yi min komai ba."

"To ke me kika yi masa? Faɗa mana mu ba shi haƙuri."

"Ni da shi ne, Anti."

"Ke da shi? Ga shi mu muke shaƙa!"

Bayan su sai Ciyaman, da jar hula, da dattawa biyu a bayansa. Ba wurina suka zo ba, wurin Baba suka zo, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ina ɗaki ina jin Ciyaman yana cewa yaran zamani ba su da kishin al'umma, a da yarinya ba ta ganin unguwarsu a cikin wani hali ta naɗe hannu. Baba ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Ni 'ya na haifa, ban haifi motar shara ba. Ku je ofis." Suka tashi suna karkaɗe riguna. Ofis dai babu wanda ya je.

Umma ta ga dama ta samu. Ta gayyato ɗan ƙawarta, wani mai gilashi da ke aiki a kamfani, wanda ta daɗe tana yi min tallarsa. Ta sa na ɗaura sabuwar atamfa, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai babban baƙo. Bawan Allah ya bar motarsa a bakin titi, ya tako har ƙofarmu yana ɗage ƙafar wando. Muka zauna a benci. Duk hirar da hankici a hanci ya yi ta, ban ji komai ba sai "mhm mhm". Can wata akuya ta gangaro daga kan bola da tsohon takalmi a baki, ta tsaya tana kallonsa. Ya duba agogo, ya ce ya tuna ana jiransa.

Umma ta bi shi har bakin titi tana cewa, "Ɗana, a kamfanin naku babu babbar mota? Ko tifa ce?"

Bai sake kira ba.

Daga ranar Umma ta fara sauya harshe, amma a hankali, don ba ta iya janye magana lokaci ɗaya. Da farko "mai sharar nan" take ce masa. Da aka yi ruwan sama, bola ta jiƙe ta fara tururi, ya koma "direban nan". Ranar da ta ɗaga murfin tukunya ƙuda ya riga ta leƙawa, sai ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, tana jujjuya wata kwalba.

"Wai ni yaron nan, ɗan albarka, lafiyarsa kuwa?"

Na ce, "Wane yaro, Umma?"

"Ke dai ba ki da kunya. Na lura yana da ladabi. Kuma sana'a ai sana'a ce."

"Umma, ba ke kika ce ƙuda ke yi masa rakiya ba?"

"To yanzu wa suke yi wa?"

Na yi dariya, amma da ta fita sai na ji hawaye. Har Umma. Kuma a ƙasan dariyar akwai wani abu da yake cina wanda ban faɗa wa kowa ba. Ni cewa na yi ya daina zuwa wurina. Ban ce ya bar tsofaffi da jarirai cikin wari ba. Idan har zai iya hukunta layi guda don ya tanƙwara ni, to wane irin miji zai zama? Ranar da na ɓata masa rai a gidansa me zai janye? Wannan tunani ya fi bolar damuna, domin ina kewarsa kamar in yi ihu, kuma ina tsoron kada mutumin da nake kewa ya zama ba shi ne na gaskiya ba.

Na rubuta masa saƙo na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura:

"Idan don ka rama ne ka bar mu cikin shara, ka yi nasara. Amma ka sani ba a samun zuciyar mutum ta haka."

Can sai ga amsarsa: "Ki ƙara haƙuri. Ana kan aiki."

Wane aiki? Na yi jifa da wayar a kan katifa. Sannan na ɗauko ta na duba ko ta fashe, don ita ce jarina.

Shekaranjiya da sassafe ina shara a tsakar gida, sai na ji shi. Gajere, gajere, dogo.

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Layi ya ɗauka gaba ɗaya, yara suna ihu "Ta dawo! Ta dawo!", mata suna fitowa da bokitai, mai shayi yana janye bencinsa. Umma ta faɗo ɗakina ko sallama babu, ta buɗe akwati da kanta, ta zaro leshina mai ruwan zuma wanda ban taɓa sawa ba.

"Sa wannan. Yi sauri. Ki gaishe shi da kyau, kada ki ɗaure masa fuska."

Ban yi musu ba. Na ɗaura ɗankwali, na zizara kwalli, na fesa turaren da na san ya fi so. Na shirya maganata tsaf: zan fara da faɗa, in gaya masa abin da ya yi bai dace ba, in bar shi ya yi ta ba ni haƙuri, sannan in ɗan yi murmushi kaɗan. Kaɗan fa.

Na fito. Mutane suka dare min hanya kamar wata babbar baƙuwa. Ciyaman yana tsaye da jar hula yana ba mota hannu, ko da yake ba wanda ya sa shi. Motar tana tahowa da baya, amma wani iri, tana yi tana tsayawa, har ta ɗan goge katangar mai aski. Ta zo ta tsaya a ƙofarmu. Na gyara mayafi, na ɗaga kai.

Wani tsoho ne ya leƙo, da furfura da giɓi, yana share gumi da hula.

"Kai! Wannan layi naku sai an yi alwala," in ji shi. Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ce mai turaren?"

Na gyaɗa kai kawai.

"Ai na gane. Har yanzu ƙamshin turaren yana cikin motar."

Ciyaman ya matso. "Malam, ina yaron namu?"

"An sauya mana hanya, har motarsa aka ba ni. Daga yau ni ne naku." Ya sauko yana miƙe baya, ma'aikata suka fara aiki da shebur. "Da can ai ba kwa cikin tsarin ofis, shi yake ƙaro ku don kansa bayan ya gama zagayen asuba. Yanzu an sa ku a tsari. Ko ni na mutu, wani za a turo."

Na ce, "Baba, wa ya sa mu?"

"Wa kuwa? Yaron nan ya hana oga sakat. Kullum yana bakin ofis, a ce oga ya fita, ya zauna. A ce ya dawo gobe, ya dawo. Har masu gadi sun fara aikensa. Da oga ya gaji ya ce to ya ji, amma wa zai shiga da baya? Duk muka noƙe. Shi kuma ya ce ba shi zai riƙa zuwa ba, sai dai wani. Ya zo ya same ni, ya ce in karɓi hanyarsa, ta unguwar manya, inda shararsu ma a ɗaure take cikin leda, in haɗa da layinku. Shi ya karɓi tawa." Ya yi dariya har giɓinsa ya fito duka. "Ya jera min durom a gareji yana koya min baya kamar sabon shiga. Da furfurata!"

Na ji muryata ta yi ƙasa. "Taka wace hanya ce?"

"Mayanka da kasuwar kifi. Shekara da shekaru ina neman wanda zan liƙa wa, ban samu ba. Na ce masa yaro, lafiyarka ƙalau? Ya ce wai akwai wadda yake so ta iya ce masa a'a ba tare da an shaƙe ta ba." Ya kaɗa kai. "Ni dai ban gane soyayyar yanzu ba."

Jama'a, kun san abin da ya biyo baya? Ciyaman ya tambayi tsohon sau biyu ko da gaske ne motar za ta riƙa zuwa ko babu yaron. Da aka tabbatar masa, sai ya gyara jar hularsa ya juya ga mutane ya ce, "Kun gani ko? Ƙoƙarin da muka daɗe muna yi ya haifar da ɗa mai ido." Aka tafa masa. Matar Tela ta zubar da bokitinta, ta dafa ni ta ce, "To Auta, yanzu kam ki zaɓi wanda ranki yake so," ta wuce. Cikin ɗan lokaci kowa ya watse. Babu wanda ya ƙara ce min Kansila. Babu wanda ya damu ko na yi aure ko na tsufa a ɗakina.

Umma tana bakin ƙofa, ta ja iska mai kyau ta cika ƙirji, ta ce, "Alhamdulillahi. Shigo ki cire leshin nan kada ya yi datti. Dama ni mai sharar nan bai taɓa kwanta min ba. Bari in kira ƙawata, yanzu ɗanta zai iya shigowa."

Ina tsaye a tsakiyar layi, da leshi da kwalli, babu mai tura ni, babu mai roƙona. Bola ta tafi, jar ƙasa ta fito. Na tambayi zuciyata tambayar da na daɗe ina tsoro, kuma a karon farko babu muryar kowa a ciki sai tawa. Amsar ba ta ɓata lokaci ba. Ina sonsa. Ina sonsa har cikin ƙashina, ko da ba zai ƙara ɗauke ko ledar ruwa a layinmu ba.

Tsohon ya hau ya tayar da mota. Na tattare leshina na zagaya ɗaya gefen.

"Baba, daga nan ina za ka?"

"Juji, in zubar. Sannan gareji."

"Mayanka a kan hanya take?"

Ya dube ni, ya dubi takalmina mai tsini. "Idan an so ta zama a kan hanya, sai ta zama."

Na kama ƙarfe na taka taya na haye. Yadda na yi da leshin nan kada ku tambaye ni. A gaban motar, jikin gilashi, ga kwalbar turarena ta farko a ɗaure da zare, babu ko ɗigo a ciki.

"Auta!" Umma ta ƙwala, har awaki suka watse. "Auta! Motar shara? Da leshin? Malam, fito ka ga 'yarka!"

Baba ya leƙo da rediyo a hannu, ya kalle ni a can sama, ya ɗaga min hannu, ya koma ciki.

"Riƙe ƙofar da kyau, ba ta rufuwa," in ji tsohon. "Kuma in kina da sauran turare ki tanada, inda za mu sai da shi."

Mun kai daidai rumfar mai shayi wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"An zo? Yanzu babu wanda zai ƙara matsa miki. Duk abin da kika yanke, naki ne."

Na karanta, na sake karantawa, na goge ido da gefen mayafi, kwalli ya ɓata shi. Da hannu ɗaya nake riƙe da ƙofa, da ɗayan na rubuta masa amsa, na tura, mota ta hau titi ta nufi mayanka.

"To."